Dunduniyar Hagu

Litinin, da hantsi

Shekara da shekaru ina faɗa ba mai saurare: mutane ba sa dawowa karɓar takalmansu. Mutum zai faɗo maka shago yana haki kamar gidansa ke cin wuta, "Baba, don Allah gobe-goben nan," ka ture aikin hannunka ka ɗinke masa, daga nan ko ƙeyarsa ba za ka sake gani ba. Kantar sama cike take da irinsu. Akwai na wani mai gadi da gizo-gizo ya yi jikoki a ciki. Na taɓa cewa zan kwashe su in kai bola, Mai Aski na shagon kusa da ni ya ce, "Kai da ko lanƙwasasshiyar ƙusa ba ka iya yarwa?" Gaskiya ya faɗa, amma ban gaya masa ba.

Ni ban shiga aji ba. 'Yata Auta ce ta koya mini baƙaƙen nan a kan bencin nan, da alli, tana 'yar firamare, in na yi kuskure ta ce in miƙo hannu. Saboda haka wanda ya ga rubutuna a karkace ya je ya tambaye ta. Ina rubutawa ne don na gaji da magana da mutanen da ke duban ƙasa da zarar na buɗe baki.

Takalminta yana kantar ƙasa. Baƙi ne, marar tsini, wanda take zuwa kamfanin sabulu da shi. Dunduniyar hagu ce ta cinye, ta kawo mini da yamma. Gam ɗin da aka sayar mini ruwa ne zalla, ga sama ta kwana tana zuba, to gari ya waye bai kama ba. Ta ce ta makara, ta zura silifas ɗin uwarta. A bakin ƙofa ta juyo ta ce, "Baba, in na dawo ban tarar ba, wallahi wani zan kai wa." Ta san abin da ke tunzura ni ke nan.

Na gama shi tun ranar. Ba zan sa shi a kantar sama ba.

Talata, da yamma

Na je ofishin masu neman mutane a ruwa, kamar kullum. Ina fita da hantsi, ina dawowa rana ta karkata. Bencinsu ya san ni. Ma'aikacinsu mai tabarau ya ce, "Baba, ai an dakatar da nema." Na ce wa ya dakatar. Ya ce daga sama. Na ce a kira mini na saman. Ya ba ni ruwa a kofi.

Mutum uku aka ce ruwa ya ɗauka a gadar ƙafa ta babbar magudana. Biyu an nuna wa iyayensu. Ni me aka nuna mini? To a kan me mutane suka zo suka cika mini ƙofar gida, suka zauna suna jinjina kai ba da izinina ba? Shago na shige na yi ta buga guduma har suka watse. Babban ɗana, Direba, ya ce na kunyata shi a idon jama'a. Na ce kunya ba ta kisa, in tana yi da tun ranar da ya faɗi jarrabawar tuƙi aka rufe shi.

Alhamis, rana ta karkata

Na dawo na tarar da takalmin jiƙe.

Ba na so in yi ƙari. Kwaɗona yana ƙofar waje yadda na bar shi, makulli a aljihuna. Amma ƙafa biyun a jiƙe suke, da baƙar laka a gefe, mai warin nan da duk wanda ya taɓa wucewa ta magudana ya sani.

Akwai ƙofar ciki da ke shiga gida, amma wannan ba abin lissafi ba ce. Matata, Tsohuwa, ba ta taka shagon nan ba tun ranar da na dafa gam a tukunyar miyarta, kafin a haifi Auta. Ta rantse, ita kuwa in ta rantse ko gobara ba ta sa ta warware. Abinci ma a bakin ƙofa take dire mini kamar na fursuna.

Na leƙa na ce, "Ke, rufin nan yana yoyo ne?"

Ta ce, "Ka tambayi rufin."

Na goge shi na mayar.

Juma'a, rana ta karkata

Yau ma.

Asabar, da safe

Bari in rubuta abin da na sani, don kar a ce tsufa ne.

Kowa da yadda yake cin takalminsa. Ka kawo mini takalmi ka rufe mini ido, in shafa ƙasansa in gaya maka mai shi malalaci ne ko mai gaggawa, ko yana ɗaukar kaya, ko ƙugunsa na ciwo. Mai Aski ta ciki yake ci, don gwiwoyinsa na gaisawa. Direba ta tsakiyar dama, saboda taka totur da birki. Auta kuwa tun da ta faɗo daga katanga tana ƙarama, idon sawunta ya ɗoru a karkace, take jefa ƙafar hagu waje. Dunduniyar hagu, gefen waje, kamar an yanka da wuƙa a gicciye. Tun tsayinta bai wuce ƙuguna ba nake cike wajen nan.

Sabuwar dunduniya na sa. Ba wanda ya taka ta. Yau na ɗaga ta a hasken ƙofa, ta fara ci. Hagu, gefen waje.

Sai na ga hannuna ya ɗauki wuƙa yana yankar roba tun ban ba shi umarni ba.

Lahadi, da yamma

Direba ya zo. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ƙi zama a benci, ya tsaya yana juya makullin mota a yatsa.

"Baba, ƙarshen wata zan zo in kwashe ku. An share muku ɗaki."

"Wa ya ce maka ina neman ɗaki?"

"Inna ba ta cin abinci. Kai kuma kullum kana hanyar ofis a rana. Mutane na magana."

"Mutane su zo su karɓi takalmansu, sannan su yi magana."

"Shagon nan me yake kawowa? A sa masa kwaɗo kawai a huta."

Na ce in an rufe, wanda ya zo karɓar kayansa fa? Ya dubi kantar sama ya yi 'yar dariya. Sai idonsa ya sauko kantar ƙasa, dariyar ta mutu a bakinsa. Ya ce, "Baba, a bayar da wannan. Akwai mabukata."

Na ce, "Mai shi na bukata."

Ya shiga wajen uwarsa. Na ji suna ƙus-ƙus. Ban gaya masa komai ba. Yaron da zai kalli tayar mota ya san ta cinye, amma ya kalli takalmin ƙanwarsa bai ga komai ba, me zan gaya masa?

Talata, rana tsaka

Yau ban je ofis ba. Na roƙi Mai Aski ya sa mini kwaɗo ta waje kamar na fita, na zauna a lungu bayan injin ɗinki. Ya ce, "Tsohon banza, yanzu kuma ɓoyo muke yi?" Amma ya sa.

Ina rubutu a kan gwiwa, da hasken da ke shigowa ta tsagar ƙofa. Unguwa ta yi tsit. Irin shirun nan na rana tsaka da ko kaza ba ta motsi. Takalmin yana gabana, bakinsa a buɗe.

Ƙamshin sabulu ya shigo. Ba na wanka ba, wancan mai kaifi da ke bin gashinta in ta taso daga aiki, wanda nake ce mata ta matsa yana sa ni atishawa.

Akwai inuwar ƙafa biyu a ƙarƙashin ƙofar ciki. Ba takalmi a ƙafafun.

Sakata ta ɗan motsa. Na yi tari, ban yi niyya ba. Ta tsaya.

Na ce, "Auta?"

Na ji wani abu a bayan ƙofar, kamar mutum ya toshe bakinsa da zane. Inuwar ta daɗe. Sannan ta janye.

Talata, da yamma

Takalmin bai jiƙe ba yau. Ni na hana. Tun tana yarinya ba ta son a tsare ta da ido in tana shiri, takan ce in juya baya. Gobe zan tafi ofis da wuri in ba ta wuri.

Tsohuwa ta wuni tana safa da marwa a tsakar gida kamar akuyar da aka ɗaure wa ɗa. Na ce me ke damunta, ta ce ba komai. Abincin yau ba gishiri.

Alhamis, da yamma

Ya jiƙe. Alhamdu lillahi.

Dunduniyar da na sa ranar Asabar ta tafi. Robar yanzu ba roba ba ce, kamar biskit. Kuma ƙasan gaba ya fara sirancewa, har da tsakuwa biyu a maƙale. Tafiya ce mai nisa take yi, ba a kan kwalta kawai ba. Duk inda take bi, ba za a ce 'yar mai gyaran takalmi na taka tsakuwa da tafin ƙafa ba.

Na samo tsohuwar tayar babbar mota wajen mai faci. Na yanka ƙasa biyu masu kauri, na sa gam, na bi da basilla da zare mai kakin zuma, ɗinki biyu-biyu. A dunduniyar hagu na ƙara ƙusa uku ta gefen waje. Na tsaga layi uku a ƙasan kowanne don santsi. Inda take bi akwai santsi.

Idona ba ya ganin kafar basilla kamar da. Da tana nan da ita ke zura mini zare.

Asabar, da hantsi

Na je aski. Mutumin nan in ya sa maka aska a wuya sai ya ga dama ce ta wa'azi.

"Baduku, yaushe rabonka da ka zauna a gida da rana?"

"Yaushe rabonka da ka wasa askar nan? Noma kake mini a kai?"

"Ina nan a bakin shagona kullum. Ina ganin mai shiga lungu da mai fita."

"To an naɗa ka mai gadi."

Ya tsaya da askar. Ya ce, "Abokina, shekararmu nawa tare? Ka duba ƙafar mutanen gidanka."

Na ce, "Kai ka sani, ka tsaya a kai. Ƙafa aikina ce."

Ya buɗe baki zai ƙara, na miƙe da rabin aski na fito. Ya biyo ni da tawul yana cewa in dawo kar yara su yi mini waƙa. Na sa hula. Tun da can haka yake, ɗan abu kaɗan ya gani sai ya ɗauka shi ya ƙirƙiri ido.

Litinin, da yamma

Tsohuwa ta dire mini kwano a bakin ƙofa, ba ta tafi ba. Ta tsaya tana duban bango.

"Malam."

"Na'am."

"Tayar nan ta yi nauyi."

"Wace taya?"

"Wadda ka sa. Mutum na ɗagawa kamar yana jan turmi."

Na ce ita da ba ta shiga shago ina ta san nauyin taya. Ta ce, "Ido ba ya awo ne?" Ta juya. Ɗingishi take yi kwanan nan, ta hagu. Na ce ta shafa man zafi, ta ce in shafa wa kaina.

Na ɗauki takalmin na auna a hannu. Ba don ta faɗa ba. Ya yi nauyi. Uwa ce, wataƙila ta ji a jikinta. Na zauna da magagari na rage kaurin har ya kusa rabi, na sake tsaga layi ukun, hannuna duk ya yi kanta.

Laraba, rana ta karkata

Fatar ta buɗe ta gefe. Ɗinkin wajen ƙaramin yatsa ya fara sakewa, duka biyun. Ƙafar Auta siririya ce kamar tawa, takalmin nan cif yake mata, ni na auna. Yanzu ƙafar da ke shiga ta fi shi faɗi.

Na san abin da ke sa ƙafa ta kumbura. Ba zan rubuta ba.

Na jiƙa fatar da mai, na cusa ƙafar katako, na buga 'yan itace ta gefe don ta ƙara buɗewa. Kar ya matse ta. Ko da wace irin ƙafa ta zo, ta samu ya shige ta.

Alhamis, da safe

Ban ci ba. Ba yunwa.

Juma'a, da yamma

Jini.

A cikin na hagu, wajen dunduniya, ya jiƙe shimfiɗar ciki. Ba tsoho ba ne, na dangwala da yatsa ya kama ni ja. Da farko zama na yi a ƙasa. Ƙusata ce, ɗaya daga cikin ukun, da na rage taya tsininta ya leƙo ciki. Ƙusoshin yanzu ba a yi musu kai na kirki.

Sannan na yi tunani. Wa ke zubar da jini? Wanda suke cewa ya tafi yana jini? Ku gaya mini, ku masu jinjina kai a ƙofar mutane.

Na naɗe takalmin a tsumma na koma ofis a ƙafa, na same su suna shirin tashi. Na buɗe a kan tebur na ce wa mai tabarau ya duba. Ya duba. Na ce a fito da jirgi a ci gaba da nema, yarinya na nan da ranta tana tafiya, ƙafarta na jini. Ya cire tabarau ya murza ido. Ya ce, "Baba, akwai wanda za mu kira ya zo ya raka ka gida?" Na ce ba rakiya na zo nema ba, amsa na zo nema. Ya sake ba ni ruwa a kofi. Na bar masa abinsa.

Na zare ƙusar. Na sa sabuwar shimfiɗa ta fatar akuya mai laushi, ninki biyu. Ki yi haƙuri, Auta.

Lahadi, da hantsi

Na je wajen gadar. Tun da abin ya faru ban bi ta nan ba, ta kasuwa nake zagayawa.

An sa sababbin katakai a gadar. Ruwan ya janye, sai ɗan baƙi-baƙi a tsakiya da ledoji. Ba za ka ce wannan zai iya ɗaukar ko ɗan tsako ba. Na sauka ta gefen da babu siminti, inda laka take.

Sawun yana nan. Layi uku. Aikina ne, ko cikin dubu zan gane. Ya sauko daga titi, hagun na jefawa waje, ya zo har bakin ruwa. A nan ƙafa biyun suka nutse sosai, gefe da gefe, kamar an daɗe a tsaye. Ba ɗaya ba ne, na kwanaki da yawa ne a kan juna, kullum wuri ɗaya. Na bayan sun fi na farkon matsawa kusa da ruwa.

Me take komawa yi a nan? Mutum ya fito daga wuri irin wannan, ya zo har gida, ya sa takalmi, sannan ya koma? Me ta bari?

Na tsaya a gefen sawun, ban taka ba. Na duba inda yake duba. Ba komai sai ruwa.

Talata, da yamma

Na dawo na tarar da mata a tsakar gida. Tsohuwa ta faɗi a bakin lungu da rana, Mai Aski ne ya gani ya kira mutane. Jikinta kamar garwashi. Direba ya zo ya ɗauke ta zuwa asibiti. Da aka ɗaga ta zanenta ya janye na ga ƙafar hagu naɗe da tsumma, ta yi kamar tulu. Kwalba ta taka, ina jin. Mace da girmanta tana yawo ba ta duba ƙasa. Sau nawa na ce ta kawo in yi mata takalmin kirki, ta ce gara ta taka wuta.

Direba ya juyo kafin ya shiga mota. Kallo ɗaya ya yi mini.

Takalmin na same shi a kan bencina, ba a kanta ba, da laka har baki. Mai Aski yana tsaye a ƙofa. Na ce wa ya taɓa mini kaya. Ya ce, "Ni na shigo da shi ta gida." Na ce daga ina. Ya dube ni ya dube ni, ya ce, "Allah Ya ba ta lafiya," ya koma shagonsa.

Laraba, rana ta karkata

A bushe.

Alhamis, rana ta karkata

A bushe. Na fita tun da sassafe, ban dawo ba sai da inuwa ta kai bango. Ban sa kwaɗo ba. Ƙofar ciki ma na bar ta a wangale.

Juma'a, da yamma

Na je asibiti. Ɗaki mai gado da yawa, fanka ɗaya ke juyawa. An rataye mata ruwa. Likita ya ce ciwon ya daɗe, ya shiga jini, da an kawo ta tuni. Ya tambaye ni ban lura ba. Na ce ni ba likita ba ne.

Na zauna a kujerar roba. Ta buɗe ido ta ce, "Ka ci abinci?" Na ce na ci. Ta ce, "Maƙaryaci."

Can ta ce, "Malam, fatar akuyar nan ta yi daɗi."

Na ce ta yi barci.

"Daga gida har titi lafiya lau. In an kusa gada, takalman su suke ja. Ni nake riƙe su." Ta kama hannun rigata. "Kullum sai sun ƙara taku ɗaya. Ka ɗaure su, Malam. Ka sa su a kantar sama."

Zazzaɓi ne. Mai zazzaɓi ba abin da ba ya faɗa. Uwata ma da ta yi nata cewa ta yi akwai raƙumi a ɗaki.

A baranda Direba ya tare ni. Ya ce jibi zai zo da mota da kafinta, ba sai ƙarshen wata ba. Ya ce, "Baba, na rasa ɗaya. Ba zan zuba ido ba." Na ce bai rasa kowa ba. Ya ce, "To." Ya share fuska da hannun riga kamar lokacin da yake yaro.

Asabar, da hantsi

Na goge shi da mai. Na sake duba ɗinkin, ba inda ya saki. Dunduniyar hagu lafiyayya, layi ukun nan kamar yau na tsaga. Ban taɓa yin aiki mai kyan wannan ba, kuma ban taɓa ƙin jinin ganin aikina bai lalace ba sai yau.

Asabar, rana tsaka

Ƙafata ba ta shiga, ta fi shi tsawo.

Lahadi, da hantsi

Sun zo. Motar tana bakin lungu, ina jin kafinta yana sauke katako. Na sa sakata ta ciki, ƙofa biyun. Direba yana bugawa a hankali, "Baba, buɗe mu yi magana." Mai Aski na ce masa a bi ni sannu.

Magana nake so ai. Tun yaushe nake nema.

Ni abin da na sani, takalmi ba ya daina ci sai ɗayan biyu: ko mai shi ya isa inda za shi ya tuɓe, ko ya faɗi a hanya. Ba na uku. Duk kwanakin nan tana tafiya ina cikewa, tana ci ina cikewa, ban bar ta rana ɗaya da ɓarakar ƙasa ba. Yanzu ta tsaya. In isa ta yi, a gaya mini, in ɗauke shi da hannuna in sa a sama, in buɗe ƙofa in shiga motar ba gardama. In kuwa faɗuwa ta yi, tana wani wuri a zaune da ƙafa a waje tana jiran a kawo mata, to wanda zai rufe shagon nan sai ya haɗa da ni ya buga katakonsa.

Na tambayi mai tabarau ya ba ni ruwa. Na tambayi likita ya tambaye ni. Kai Direba da ke bugun ƙofa, kai Mai Aski da ka ce kana ganin mai shiga da mai fita, ke Tsohuwa da kika san nauyin taya, duk kun san wani abu kuna duban ƙasa. Na gaji da duban ƙeyarku. Ga ni zaune, ga shi a cinyata a goge.

Ta isa ne, ko ta faɗi? Wani ya buɗe baki ya ba ni amsa.